Yadda Na Koyi Neman Rana a Ƙasar Holan

Da aka ce kwas ɗin da za mu je zai faɗo ne a lokacin bazarar Turai, ban yi wani dogon tunani ba, na cika jaka da riguna marasa nauyi. Wanda ya tashi da kalmar bazara a bakinsa ai ya san abin da take nufi: zafi mai hana barci, iska ta tsaya cik, kowa yana ɗaga kai ya ga ko hadari ya haɗo. Rigar sanyi ɗaya tak na jefa a sama, ita ma don an matsa mini. Na sauka a filin jirgin Schiphol a tsakiyar watan Maris na 2023. Ƙofar fita tana buɗewa wata iska ta mare ni, ɗauke da yayyafi siriri kamar feshin turare. Ma'aunin zafi bai kai digiri 7 ba. Bishiyoyi duk tsirara, sama ta yi toka-toka kamar an kifa tsohuwar tukunya. Na ce a raina, in wannan ce bazarar, Allah ya raba mu da hunturunsu.

Mutanen Holan lente suke ce mata, kuma ba mu da kalmar da ta zauna mata daidai. Lokaci ne tsakanin sanyi da zafi da ƙasa take farfaɗowa sannu a hankali, kamar majinyacin da ya fara tambayar abinci. Ashe jin daɗinta ma sai an koya, ni kuwa a kan keke na koya.

Garin da na zauna Wageningen ne, ɗan ƙaramin gari a bakin wani reshe na kogin Rhine, wanda jami'ar aikin gona ta sa sunansa ya zaga duniya. Jirgin ƙasa ba ya shiga cikinsa, a tashar Ede-Wageningen ake sauka a hau bas. Ɗaki na kama a saman benen wata dattijuwa da mijinta ya rasu, 'ya'ya kowa ya kama gabansa. Ta haura saba'in, doguwa kamar yawancin mutanen ƙasar, kuma ba ta san kwana-kwana a magana ba. Tun ranar farko ta ce in riƙa kiranta da sunanta kai tsaye, bakina ya ƙi. Ta yaya zan kama sunan sa'ar mahaifiyata gatsal? Muka sasanta a kan mevrouw, wato uwargida, a zuci kuma Iya nake ce mata. Washegari na tambaye ta lokutan bas. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, “Ƙafarka lafiya?” Na ce lafiya ƙalau. Ta ce, “To bas na mene ne? Je ka nemi keke.”

A wani shagon tsofaffin kekuna mai shagon ya turo mini wani baƙi, dogo, mai nauyin tsiya, irin wanda suke kira omafiets, keken kaka. Yuro 85 har da sarƙa da kwado. Na duba hannun keken ban ga birki ba. Na ce, “Maigida, wannan ai ba shi da birki.” Ya yi dariya ya ce a ƙafa yake, in kana son tsayawa sai ka danna feda baya. Na ce na gane. Ban gane ba.

Ko mita 300 ban yi ba na iso mararraba, fitila ta koma ja. Yatsuna suka shiga laluben birkin da babu shi, ƙafata ta manta darasinta, sai ji na yi ni da keken kaka mun afka cikin shingen furannin wani gida. Ina kakkaɓe ganye wata yarinya da ba ta wuce shekara takwas ba ta wuce ni fiu, jakar makaranta a baya, hannu ɗaya a aljihu. Ko kallona ba ta yi ba, wannan ma ya fi faɗuwar ciwo. Na tashi da keke tun ina yaro, amma a ranar na yarda baƙo ko da ido makaho ne.

Da dare Iya ta ga ƙujewar da ke gwiwar hannuna. Ba ta ce sannu ba. Ta jawo bayan wani ambulan ta zana mini hanya. Jar kwalta ta masu keke ce, in ka tsaya a kanta da ƙafa kana kalle-kalle, ƙararrawar da za a yi maka kai ka jawo. Fararen alwatika da aka jera a ƙasa haƙoran kifin shak suke kiransu, in tsininsu yana kallonka kai ne za ka dakata. Inda babu alama, wanda ya fito daga damanka shi ke da hanya. Kafin ka karya kwana miƙa hannu. Da dare farar fitila a gaba, ja a baya, in babu ɗan sanda zai ci ka tara. Waya a hannu kana tuƙi haramun ce tun watan Yulin 2019. Sannan kwado biyu, ɗaya a tayar baya, ɗaya ka ɗaure keken da ƙarfe, domin a ƙasar da kekuna suka fi mutane yawa ɓarawon keke bai ƙare ba. Na tambaye ta, in ana ruwa fa? Ta ce, “Da sukari aka yi ka?” Daga baya na ji ashe abin da iyaye suke faɗa wa 'ya'yansu ke nan in sun yi ƙorafin ruwa.

Kwana huɗu ina fita da sassafe ina zagaya wani filin ajiye motoci, in taka, in danna baya, in taka, in danna baya, har ƙafa ta haddace. A rana ta biyar na hau ganuwar da ta tsare garin daga kogi. Ganuwa ce ta gaske, ta ƙasa, da hanya a kanta. Gefe ɗaya rufin gidaje, ɗaya gefen fadama shimfiɗe har bakin ruwa, wadda da gangan aka bar wa kogi ya malala a cikinta in ya cika. Shekarar ta zo da ruwa sosai, fadamar duk tafkuna, dinya da agwagi sun cika su. A kan wani dogon ƙarfe na hango sheƙa kamar an ɗora kwando, da wasu manyan shamuwa farare masu jan baki suna karkaɗa baki kaf-kaf-kaf. Wani mai yawo da kare ya ce mini wasunsu daga Afirka suke dawowa duk shekara. Na ce ashe tare muka zo, su dai ba a tambaye su biza ba.

Wajen ƙarshen Maris ne rana ta fara fitowa da gaske, wuni ɗaya tak, kuma a ranar na ga abin da ya ɗaure mini kai. Zafin bai wuce digiri 13 ba, amma gari ya fashe. Masu gidajen shayi suka fito da kujeru dandali, mutane suka zauna a jere duk suna fuskantar gefe guda kamar masu kallon majigi, ido a rufe, fuska a sama. Ɗalibai sun baje a kan ciyawa, wani har ya cire riga. Ni kuwa da na samu benci sai na zaɓi na ƙarƙashin bango, inda inuwa take, ban ma san na zaɓa ba. Minti goma haƙorana suka fara haɗuwa. Duk rayuwata an koya mini mai hankali inuwa yake nema, ga shi na zo inda inuwa ta wawaye ce. Mutanen da suka yi wata huɗu suna fita aiki cikin duhu suna komowa cikin duhu, domin a Disamba ranarsu ko awa takwas ba ta cikawa, ba za ka ga laifinsu ba in suka tarbi rana kamar ɗan da ya dawo daga doguwar tafiya.

Azumi ya kama ranar 23 ga Maris. Kwana uku na farko muna shan ruwa wajen bakwai saura, na ce ai da sauƙi. Daren Lahadi 26 ga wata aka tura agogon ƙasar gaba da awa ɗaya, kamar yadda suke yi duk Lahadin ƙarshe ta Maris, sai ga magariba ta koma takwas. Tsawon wunin bai ƙaru da awa guda ba, na sani, amma je ka faɗa wa cikin da ya saba da bakwai. Daga nan kullum rana tana ƙara minti biyu a gaba, alfijir yana matsowa ta baya, har muka kai kusan awa 16 a ƙarshen azumin. Abin da ya cece ni shi ne babu ƙishirwa. Yunwa ce kawai, ita kuwa keke yana ɗauke hankali daga kanta. Sai na mayar da awa ɗaya kafin magariba lokacin hawa ganuwa, dabino uku da gorar ruwa a aljihun riga. Hasken yamma a can ba ya sauri. Ya daɗe yana jan ƙafa a kan ruwa, ya yi ruwan zuma, ya yi ja, wani baƙin tsuntsu mai rawayan baki yana rera waƙa daga kan rufi kamar an biya shi. Sau da yawa a nan na sha ruwa, a tsaye, keke jingine da cinyata.

Ranar Litinin 3 ga Afrilu da ƙarfe 12 na rana ina tsakiyar hanya jiniya ta ɓarke a duk garin, irin mai tashi tana sauka ta lokacin yaƙi. Gabana ya faɗi, na danna feda baya da ƙarfi har taya ta yi ƙara. Na duba, wata mata tana tura jariri, wani tsoho yana cin burodi, ko gezau. Gwaji ne, Litinin ta farko a kowane wata.

Kasuwa tana ci Laraba da Asabar a dandalin da ke kewaye da babbar coci, kuma zuwa can da azumi a baki jarrabawa ce. Ƙamshin soyayyen kifi da suke yanka gutsi-gutsi, kibbeling, shi ke fara tarbarka. Ga mai stroopwafel yana gasa faifan fulawa siriri, ya tsaga shi biyu da wuƙa tun da zafinsa, ya shafa narkakken sukari a tsakiya ya mayar ya manne. Mai cuku kuwa duk wanda ya tsaya sai ya feƙe masa ɗan yanki ya miƙa a bakin wuƙa. Ya miƙo mini na ce ina azumi. Ya ce, “Ramadan? Har yaushe?” Na ce saura mako biyu da wani abu. Ya naɗe yankin a takarda ya ce in ci da dare, in dawo in faɗa masa gaskiya. Shi ya koya mini cewa cuku shekaru gare shi kamar mutum: ɗan wata guda laushi ne ba ya faɗa, wanda ya kusa shekara kuwa ya yi tauri, ya yi gishiri, yana ɗan ƙaras-ƙaras a haƙori. Kuma ya ce in jira ƙarshen Mayu, lokacin da cukun ciyawa yake fitowa, wanda aka yi da madarar farko bayan an saki shanu.

Sakin shanun na je na gani da idona, don Iya ta ce in na koma ban gani ba kamar ban zo ba. Shanunsu a rufe suke wuce hunturu, a cikin dogon ɗaki, suna cin ciyawar da aka adana. In ƙasa ta tsane ciyawa ta taso, manomi ya sa rana, wasu har su gayyaci jama'a. Muka je wata gona a bayan gari ranar Asabar, iyaye da yara sun jeru a bakin waya. Aka ja ƙofa. Ta farko ta leƙo ta tsaya, ta shinshina iska. Sai ta zabura. Saniya mai nauyin kilo 600, hantsa cike, ta yi tsalle ta watsa ƙafafun baya sama kamar ɗan akuya. Sauran suka biyo ta a guje, wata tana goga fuska a ciyawa, biyu suna karo da wasa. Rawar shanu suke kiran abin, kuma bai fi minti goma ba kowace ta sunkuyar da kai ta kama ci kamar ba ita ba. Na yi shekaru ina aiki da makiyaya, ban taɓa ganin saniya tana murna ba sai ranar. Na yi dariya har da hawaye, wani yaro yana kallona yana mamakin wannan babban mutum.

Daga nan ƙafa ta buɗe. A ƙasan tudun da ke gabashin gari akwai jirgin fito da ake kira Lexkesveer, yana ɗaukar motoci da kekuna zuwa ɗaya gaɓar cikin 'yan mintuna, kuɗin mai keke bai kai na kofin shayi ba. Ƙetaren shi ne Betuwe, yankin lambunan 'ya'yan itace da ke tsakanin koguna biyu. A tsakiyar Afrilu itatuwan suke fure tun kafin su yi ganye, ceri da fiya farare tas, tuffa daga baya da ɗan ja-ja a gefe. An dasa su a layi, gajeru, an ɗaure su da waya, in ka tsaya a bakin layi kamar ka leƙa dogon zaure da aka yi wa farin labule. Manoma suna ajiye akwatunan ƙudan zuma a tsakani don a samu barbara, kuma babban tsoronsu daren da sanyi zai sauka ƙasa da sifili ya ƙone furen, har wasu sukan kwana suna fesa ruwa don ƙanƙarar da ta lulluɓe furen ta kare shi. Wannan na ji na yi shiru, ƙanƙara ce maganin ƙanƙara.

A bakin hanyar wani ƙauye na tarar da ɗan akwati mai rufi kamar gidan tattabara. A ciki ƙwai ne a kwali, da kwalaben ruwan tuffa, da farashi a rubuce da alli, da gwangwanin jefa kuɗi. Babu kowa. Na waiga hagu na waiga dama ina neman mai kayan ko kyamara, sai wata kaza kawai tana harara ta. Na ɗauki kwalba ɗaya na jefa kuɗin, na ƙara santi 50 a kai, ban san dalili ba, wataƙila don kazar ta shaida.

Sallah ta kama Juma'a 21 ga Afrilu. Muka yi idi a wani masallaci a Ede tare da 'yan Maroko da Turkiyya da Somaliya, kowa ya fito ya nufi aiki ko makaranta, domin ba ranar hutu ba ce. Abin ya ɗan sosa mini rai. Wani abokin karatuna ɗan Nijar, wanda shi kaɗai nake sakin baki in yi Hausa da shi, ya ce, “Malam, kada ka damu, yawon sallarmu na nan, gonakin fure za mu.”

Talata muka hau jirgi zuwa Leiden muka yi hayar kekuna. A lambun jami'ar garin ne wani masanin tsirrai, Carolus Clusius, ya dasa tulip a 1593, furen da asalinsa daga tsaunukan tsakiyar Asiya yake, ya biyo ta hannun Turkawan daular Usmaniyya. Sunan ma daga kalmarsu ta rawani aka samo shi, kuma in ka dubi furen kafin ya buɗe za ka ga naɗin. Tafiyar kusan awa ɗaya ce zuwa Lisse, garin gonakin furen. Hanci ne ya fara sanar da mu, domin akwai sauran gonakin wani fure mai suna hayasin da ƙamshinsa yake cika hanya har ya hau kai. Sai muka karya wata kwana, abokina ya ce, “La ilaha illallahu.” Ja, rawaya, fari, ruwan hoda, shuɗi mai duhu, kowane launi da kunyoyinsa a miƙe har ƙarshen gani, kamar an shanya turamen atamfa a faɗin ƙasa. Mun shiga lambun Keukenhof ma, mai faɗin hekta 32, inda ake dasa kan fure kusan miliyan 7 da hannu duk kaka, kuma tun 1950 ake buɗe shi na 'yan makonni a shekara. Kyau kam ba a magana. Amma ni ɗan gona ne, gonakin waje sun fi kama ni.

A ɗaya daga cikinsu muka tarar da abin da ya kusa sa abokina ihu. Wata na'ura tana bin kunya tana fille kan furannin, jajayen ganye suna zuba a kwari kamar an yi yanka. Manomin yana tsaye a bakin gona, muka gaishe shi muka tambaya. Ya ce shi ba fure yake nomawa ba, abin da ke ƙasa yake nomawa, kan nan mai kama da albasa. Yana barin furen ya buɗe ne don ya duba ko akwai mai cuta ko baƙon iri ya tuge, daga nan sai a sare shi don ƙarfin shukar ya koma ƙasa kan ya yi girma. A tono a Yuni ko Yuli, a sayar da manya, a mayar da ƙanana ƙasa a kaka. Wato duk abin da muka taso daga nesa muka zo gani, a wurinsa kara ne, hatsin yana ƙasa. Ya roƙe mu kada mu shiga cikin kunya don hoto, takalmi yana yawo da cuta daga gona zuwa gona. Wannan yaren na sani, ban buƙaci tafinta ba.

Da na nuna wa Iya hotunan ta daɗe tana kallo, sannan ta ce mahaifiyarta ta ci kan tulip. A hunturun ƙarshe na yaƙin duniya na biyu, 1944 zuwa 1945, an toshe abinci daga yammacin ƙasar, mutane suka koma dafa shi da gwozar sukari, kimanin mutum 20,000 suka mutu da yunwa. Ta ce har tsohuwar ta rasu ba ta yarda a zubar da ɓawon burodi ba. Ta miƙo mini wayata ta tashi ta ɗora ruwan shayi.

Kwana biyu bayan haka, 27 ga Afrilu, ranar haihuwar Sarki Willem-Alexander, ƙasar ta haukace da ruwan lemo, launin gidan sarautar. Na tafi Utrecht. A ƙarƙashin tashar jirgin garin akwai wurin ajiye kekuna mai cin 12,500, hawa uku, ana tuƙi a cikinsa kamar titi. Hasumiyar tsohuwar cocin garin, Dom, mai tsawon mita 112 tana lulluɓe da ƙarafan gyara a lokacin, ban ga fuskarta ba. Abin da ya fi burge ni shi ne a ranar kowa yana da izinin baje kaya a titi ya sayar ba tare da lasisi ba. Mutanen da duk shekara farashinsu a rubuce yake, ba ragi ba ƙari, sai ga su a kan bargo da tsofaffin littattafai da kofuna da takalman da yara suka fi ƙarfinsu, ana taya ana albarka. Nan fa na samu filina. Wata yarinya ta ce butar shayi yuro 3, na taya 1, ta ce 2, na juya kamar zan tafi, ta kira ni. Ubanta yana gefe yana dariya ya ce yau ta gamu da malaminta. Na biya 2 ɗin dai, kunya ta kama ni. Wani yaro yana goga goge irin nasu da kuskure a kowane layi, hularsa cike da silalla. Wasu kuma suna bin gwangwanayen lemo suna tarawa a buhu, domin daga 1 ga watan aka fara biyan santi 15 a kan kowane gwangwanin da aka mayar.

Mako guda bayan wannan hayaniya na ga kishiyarta. Ranar 4 ga Mayu da ƙarfe 8 na yamma ƙasar gaba ɗaya takan yi shiru na minti biyu don tunawa da waɗanda yaƙi ya ci. Jiragen ƙasa suna tsayawa, bas ya faka. Ina kan hanya na ga masu keke suna sauka ɗaya bayan ɗaya, ni ma na sauka. Rana ba ta faɗi ba tukuna. Babu abin da ake ji sai tsuntsaye, da ƙarar tayar wani keke da aka kwantar tana juyawa ita kaɗai har ta tsaya. A Wageningen abin yana da nauyi na daban, domin a otal ɗin De Wereld da ke tsakiyar garin ne janar ɗin Kanada Charles Foulkes ya zauna da na Jamus Johannes Blaskowitz ranar 5 ga Mayun 1945 a kan miƙa wuyan sojojin mamaya. A gaban otal ɗin ake kunna wutar 'yanci da tsakar dare, masu gudu su ɗauke ta zuwa garuruwa. Iya ta fita da ni, ta riƙe hannun rigata cikin cunkoso kamar ɗan da take tsoron ya ɓace.

Mayu ta zo da ganye. Bishiyoyin da na tarar tsirara suka rufe hanyoyi, koren har yana ɗaukar ido. Iya ta sayo farin asfaragas, wani kayan lambu da ake cin tsironsa, wanda ake tara wa ƙasa a kai a rufe da leda don kada rana ta taɓa shi ya yi kore, kuma ranar 24 ga Yuni ake daina yankansa. Ta zaunar da ni na feƙe shi tas, ta dafa da dankali da dafaffen ƙwai da narkakken man shanu. Su da naman alade suke ci, ta ce ta sani, ta sa kifi a madadinsa. Ɗanɗanonsa ba ya ihu, sai ka natsu kafin ka ji shi. Mai cuku ma ya cika alkawari, na ciyawar ya iso, rawaya, laushi kamar ya narke a yatsa.

A makon ƙarshe rana ba ta faɗuwa sai goma saura, isha kuwa sai ka yi gyangyaɗi ka farka. Wata Lahadi muna bayan gida, ita da jaridarta ni da takarduna. Inuwar shinge ta matso ta rufe ni, na tashi na ja kujerata zuwa inda sauran rana take, na zauna na rufe ido na ɗaga fuska. Can na ji Iya tana dariya ƙasa-ƙasa. Ta ce, “Sau uku ke nan kana jan kujerar nan.” Ban ƙirga ba.

Keken kaka na sayar wa wani sabon ɗalibi da ya iso ana saura kwana biyu in tafi, yuro 60, na bar masa sarƙar da famfon iska. Ya kama hannun keken yana dubawa, ya ce, “Yallaɓai, ina birkin?” Na ce a ƙafa yake, in za ka tsaya ka danna feda baya. Ya ce ya gane. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallonsa ya nufi mararraba.